Tsohuwar D8 mai ɗan injin fetur a gefe: wa ya san kanta?

Sani_Walda:
Assalamu alaikum. Akwai wata tsohuwar katafila da ta daɗe a yashe a bayan garejin maigidana, har ciyawa ta fito ta tsakanin sarƙa. Na kankare farantin lambar da ke bayanta, na ga ta fara da 2U. Abin da ya ɗaure min kai, ba kik, ba wurin batir, sai wani ɗan inji mai fulogi biyu manne a jikin babban. Wuƙar gaba kuma da igiyar ƙarfe ake ɗaga ta. Maigida na son a yanka ta a sayar da ƙarfen, ni kuwa ina ganin asara ce. Ta wace shekara ce, kuma za ta iya tashi?

Baba_Direba:
Wa alaikumus salam. Sani, ka ce wa maigidanka ya dakata da wutar yanka tukuna. D8 ce, kuma irinta na fara hawa ina yaron mota, don haka bari in yi maka bayani dalla-dalla.

Babban injin sunansa D13000. Silinda shida, faɗin kowace inci 5.75, fistan na tafiyar inci 8, jimla sama da lita 20. Amma duk girman nan juyinsa bai wuce 1,000 a minti ba, ƙarfin da yake bayarwa wajen ja kuwa doki 130 ne ko kusa da haka. Yaran yanzu su kan yi dariya in sun ji, wai inji kamar ɗaki amma ƙarfi kaɗan. Su yi ta yi. Rashin gaggawar nan ne ya sa yake daɗewa, kuma in ya shiga ƙasa mai tauri sai dai ya yi gurnani ya ci gaba.

Ɗan injin da ka gani shi ne kik ɗinta, da fetur yake aiki. Wutarsa daga magineto take, wato ɗan na'urar da ke samar wa fulogi wuta da kanta, shi ya sa ba ruwansa da batir. Da hannu za ka murɗa shi ya tashi. Sai ka ja libar da ke sakin matsin silinda, ka shigar da ƙaramar giyarsa cikin haƙoran filawil, ka kama kulocinsa, babban inji ya fara juyawa ba tare da ka ba shi gas ba. Ka zuba ido kan agogon baƙin mai har ya hau. Daga nan ka mayar da matsi, ka bar shi yana juyawa na 'yan mintuna. A nan masu gajen haƙuri suke ɓata aiki. Ruwan sanyaya injin ɗaya ne tsakaninsu, kuma zafin salansar ƙaramin na ɗumama iskar da babban ke shaƙa, wato yana juya shi yana kuma gasa shi. Sai ya yi ɗumi sannan ka buɗe gas. Da ya kama, giyar nan da kanta take fita.

Kada ka kashe ƙaramin da makunnin wuta. Rufe masa fetur, ya shanye na cikin kafireto ya mutu da kansa. In ba haka ba, girgiza za ta riƙa tsiyayar da fetur cikin baƙin mansa, ya tsinke, wata rana ka ji ƙwanƙwasa.

Malam_Habu:
Baba ya gama magana kan inji, ni shekarun zan ƙara. Masu lambar 2U an ƙera su daga 1945 zuwa 1953 a jihar Illinois ta Amurka. Kamfanin Caterpillar kansa a 1925 ya samu, da kamfanonin Holt da Best suka haɗe. Taraktarsu ta farko mai injin dizal ta fito a 1931, sai RD8 a 1935, a 1937 aka cire R ɗin ta zama D8. Yayyen taka, wato D8 na kafin 2U, aka yi aikin babbar hanyar Alaska da su a 1942. A zamanin 2U igiyar ƙarfe ce ke tashe wajen ɗaga wuƙa. Aibinta ɗaya, tana ɗagawa amma ba ta dannawa ƙasa, nauyin wuƙar ne kawai ke yanka.

Injiniya_Bello:
Ni dai da ni ne, zan cire ɗan injin nan in sa kik na lantarki. Magineto ga wahala, kafireto ga toshewa, kullum sai an yi kokawa kafin a fara aiki.

Baba_Direba:
Injiniya, ana yi, ban musa ba. Amma kik ɗinka daƙiƙa nawa zai juya lita 20 kafin batir ya durƙushe? Ƙaramin nan zai juya shi minti goma in ka so, mai ya zagaya ko'ina kafin wuta ta kama. Ga injin da ya shekara da shekaru a kwance, abin da yake buƙata ke nan.

Sani, ni ba injin ne ke ba ni tsoro ba. Duba ko an bar bakin salansa a buɗe, don in ruwan sama ya shiga silinda to fistan ya kafe. Sa ƙarfe ka gwada juya shi da hannu kafin komai. Sannan kulocin sitiyari: ba ta da kambun tuƙi, liba biyu ce da birki biyu, ka ja ta dama ta yanke ƙarfi daga sarƙar dama, ka taka birki ta juya. Busassun farantai ne a ciki, in danshi ya shiga sai su manne, ka tashe ta ta miƙe ta ƙi kwana. Ka kuma dubi haƙoran babbar giyar baya da ke jan sarƙa. In sun yi tsini, sarƙar ma ta kusa ƙarewa, kuma a nan ne maigidanka zai iya fin ka gaskiya.

Sani_Walda:
Allah ya saka, Baba. Salansar da gwangwani a kife a kanta. Gobe zan gwada juya injin, in ɗauko hoton haƙoran in sa a nan.

Baba_Direba:
Madalla. Kafin ka juya, sassauta kusoshin da ke ƙarƙashin tukunyar baƙin mai da na giya, ka ga ko ruwa zai fara fitowa. Tsohon gas ɗin tanki ma ka zubar, ka sake matatun mai.