Neman shawara: Chrome ya tsaya a kan 109, shafuka sun fara ƙin buɗewa

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da ɗan shago inda nake cike wa mutane fom da buga takardu. Kwamfutata Windows 7 ce, ram ɗinta giga 4. Kwanan nan wasu shafuka suna cewa burauzata ta tsufa, wasu kuma su buɗe amma wurin tura fom ya ƙi dannuwa. Na duba burauzar tawa, wato Chrome, yana kan siga ta 109, ya ƙi gaba. Na goge na sake saukewa, data kawai ta ƙone. Da wannan sana'a nake ciyar da iyali, kuma ba ni da halin sayen sabuwa yanzu. Don Allah a ba ni shawara.

Wani mai gyaran kwamfuta: Wa alaikumus salam. Malam, daina ɓata datarka. Ba daga Chrome ba ne, daga Windows ɗin ne. Microsoft ta daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, Google kuma ta tsayar da Chrome na Windows 7 a kan 109 a farkon 2023. Edge, burauzar Microsoft, ma a nan ya tsaya. Ko sau nawa ka sauke, shi za a ba ka. Su kuwa masu shafuka kullum gaba suke yi, suna gini da abubuwan da tsohuwar burauza ba ta ganewa, shi ya sa za ka ga fom a gabanka amma ya ƙi tafiya. Kafin ka yi shiri, sauke wata burauzar, Firefox 115 ESR, daga shafin Mozilla masu yin ta. Shi ne na ƙarshe da ke hawa Windows 7, kuma ya fi Chrome 109 sabunta.

Wata 'yar'uwa: Yaya, duba agogon kwamfutar ma. In ƙaramin batirin da ke cikinta ya mutu, kwanan wata yakan koma baya, sai shafuka su yi ta cewa babu tsaro. Canza shi ba tsada.

Wani memba: Akwai wani Chrome da aka yi wa kwaskwarima yana hawa Windows 7, in kana so in turo maka.

Mai gyaran kwamfuta: A'a ɗan'uwa, ban goyi bayan wannan ba. Mutumin nan lambobin shaidar jama'a da bayanan bankinsu yake shigarwa, amana ce a hannunsa. Burauzar da ba a san wanda ya taɓa ta ba, bai kamata ta kusanci wannan aiki ba.

Malam, gyara na gaskiya shi ne sauya Windows. Windows 10 za ta hau, sabon Chrome zai yi aiki a kanta, sai dai ita ma wa'adinta ya cika a Oktoban 2025. Windows 11 tana neman TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin kwamfuta, da wuya tsohuwar na'ura ta samu. Ni da nawa ne, Linux Mint zan sa a madadin Windows: kyauta ce, ba ta da nauyi, Firefox da Chrome na yanzu duk suna hawa. In ka samu dama ka sa SSD, wato ma'ajiyar bayanai mai sauri, ka ƙara ram ya kai giga 8, domin sabuwar burauza tana cin ram sosai.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri. To firintata fa, za ta yi aiki da Linux ɗin?

Mai gyaran kwamfuta: Amin. Sa Mint a filash ka tayar da kwamfutar da ita ba tare da goge komai ba, ka jona firintar ka buga shafi ɗaya. In ta buga, kwashe takardun mutane da kalmomin sirrinka tukuna, sannan a yi fomatin.