Wai mu kaɗai ne ko akwai masu rai a wata duniyar?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Ni fa na gama yarda akwai rai a wata duniyar, ba tamu kaɗai ba. Gungun taurarin da ranarmu take ciki shi kaɗai yana da taurari sama da biliyan 100, kuma tun 1995 da Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniya tana zagaya wani tauraro irin ranarmu, zuwa yanzu an tabbatar da sama da 5,000. A ce duk wannan fili babu kowa sai mu?

Kawu: Wa'alaikumus salam. Auta yawa ba hujja ba ne. Ka ƙirga mana duniyoyi, to a cikinsu guda nawa aka ga abu mai rai? Ko ɗaya babu. Kuma su duniyoyin ma yawancinsu ba wanda ya gan su da ido.

Malam: Nan Kawu ya yi gaskiya, yawancinsu ba hotonsu ake ɗauka ba. Kumbon Kepler da aka harba a 2009 zura wa taurari ido kawai ya riƙa yi, in duniya ta gifta ta gaban tauraronta sai haskensa ya ɗan ragu kaɗan kamar ƙuda ya wuce ta gaban fitila kana hange daga nesa, in ragin ya riƙa maimaituwa a kan lokaci ɗaya sai a gane akwai abin da yake zagayawa, daga yawan ragin kuma a lissafa girmanta. A haka ya gano sama da 2,600. Girma da nisa ake samu, batun rai kuwa wannan ba ya nunawa.

Auta: Amma Malam duniyar nan K2-18b da take zagaya wani tauraro fa? A watan Afrilun 2025 masana daga Jami'ar Kambirij suka ce na'urar hangen nesa ta James Webb ta nuna a can akwai alamar wata iska da a nan duniya ƙananan halittun teku ne suke fitar da ita

Kawu: Yauwa ka zo inda nake jira. Ai wasu masanan sun sake duba bayanan nan suka ce alamar ba ta da ƙarfin da za a kafa hujja da ita. Kuma ba yau aka fara ba. A 1996 an ce an ga burbushin ƙwayoyin halitta a wani dutse da ya faɗo daga Mars aka tsince shi a Antatika, har shugaban Amurka Bill Clinton ya fito ya yi jawabi a kai, daga baya yawancin masana suka ce ma'adinai ma kan iya yin wannan siffar ba tare da rai ba. A 2020 kuma aka ce an ga iskar fosfin, wadda ake zaton alamar rai ce, a gajimaren Venus, har yau ana jayayya. Kullum sai a ɗaga mana hankali sannan magana ta bi ruwa, ni abin da yake damuna kenan.

Anti: Ni duk ba wannan ne a gabana ba. Kumbon Europa Clipper da hukumar sararin samaniyar Amurka NASA ta harba a Oktoban 2024 ya ci kusan dala biliyan 5, kuma sai 2030 zai isa Jupita. Mutane na mutuwa da yunwa da cuta a wannan duniyar da muka tabbatar akwai rai a cikinta, wlh abin yana min ciwo. In ma an samu ƙwayar bakteriya a can me za ta ƙara wa marar lafiya?

Malam: Anti tambayarki mai nauyi ce kuma ba zan ce miki za ta ba shi magani gobe ba. Amma ki duba dalilin zuwa Europa ɗin. Da can an ɗauka rai ba ya yiwuwa sai da hasken rana, sai a 1977 aka nutsa ƙasan teku kusa da tsibiran Galapagos inda duhu ne ƙirin, aka tarar da ruwan zafi yana ɓulɓulowa daga ƙasa kuma ga tsutsotsi da sauran halittu maƙil a wurin, suna rayuwa da bakteriya masu cin sinadarai. To shi Europa wata ne na Jupita wanda ake da ƙwaƙƙwarar shaida akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙararsa, haka Enceladus, watan duniyar Saturn, wanda kumbon Cassini ya ga yana feso ruwa a 2005. Duk abin da muka sani game da rai daga misali ɗaya tak muka san shi, daga bishiya har mutum duk DNA ne. In aka samu na biyu da ya taso da kansa, ilmin halitta gaba ɗaya sai an sake karanta shi, kuma likitanci a kansa yake tsaye.

Anti: Na ji Malam, amma ban gamsu da kuɗin ba gaskiya.

Auta: Kawu ku duba wannan kuma, duniyarmu shekararta wajen biliyan 4.5, kuma akwai shaidar rai tun shekara biliyan 3.5 da suka wuce, wato bai jima ba ya bayyana. In a nan ya zo da wuri me zai hana a can?

Kawu: To in da sauƙi haka ina suke? Tambayar da masanin kimiyya Enrico Fermi ya yi kenan tun 1950. Frank Drake ya fara sauraron sama da na'urar rediyo a 1960, har yau ba saƙon da aka tabbatar.

Malam: Nisan ne Kawu. Tauraro mafi kusa da rana, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi shekara 4 da ɗoriya kafin ya iso, kumbon Voyager 1 da yake gudun kilomita 17 a daƙiƙa zai kwashe sama da shekara 70,000. Kuma ƙwayar halitta ba ta aika saƙon rediyo, duniyarmu ma ta yi biliyoyin shekaru ba komai a cikinta sai su.

Kawu: Ni ban ce a daina nema ba, a nema. Amma ga sharaɗina Auta, duwatsun da motar bincike Perseverance take tarawa a ramin Jezero na duniyar Mars tun 2021 a kawo su nan, ɗakunan gwaji daban daban a ƙasashe daban daban su duba, su tabbatar ba daga nan aka kai ƙwayar ba. Ranar zan ce akwai.

Auta: Na yarda da sharaɗin Kawu, amma ni har yanzu ina kan bakana.