Wai girman kai ne ya kayar da motocin Jamus?

Mai Gareji: Jama'a ni fa ina nan kan bakana, girman kai ne ke cin kamfanonin motar Jamus, su da masu tuƙa motocin duk halinsu ɗaya. Volkswagen a Disamba 2024 ta amince za ta rage ma'aikata 35,000 kafin 2030, alhakin talaka ne, sun manta da shi suna ta ƙera motar 'yan gayu

Na Hamburg: Haba oga, Volkswagen ai ma'anar sunan ma motar jama'a ce, Golf ɗin da ake lodin fasinja a tashoshinmu ita ce ta 'yan gayu? Matsalar daga Chana take, shekara da shekaru VW ce kan gaba a ciniki a can sai a 2023 BYD, kamfanin motoci na Chana, ta sha gabanta da motoci masu arha na lantarki, ga gas ɗin Rasha da ya yanke a 2022 wuta ta yi tsada a masana'antu, ga albashin Bajamushe ba wasa ba

Hajiya Babba: Ni dai abin da na sani duk wanda ya yanko gabanka ba sigina, duba da kyau BMW ce ko Marsandi 😂

Na Hamburg: Hajiya wallahi ko a nan Jamus haka ake tsokanarsu, wai BMW ba a sa mata trafiketa tun daga kamfani. Masu Audi kuma a Autobahn, wato babbar hanyar mota, su manne maka a baya suna haska fitila sai ka kauce. Amma fa tasi da yawa a nan Marsandi ce, dattijo ne a ciki yana tafiyarsa a natse, shi ma ɗan gayu ne?

Mai Gareji: To 2015 fa? Da aka kama VW ta sa manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11, wannan in ba raina mutane ba mene ne

Na Hamburg: Nan kam ka kama ni, sun yi abin kunya kuma sun biya tara mai yawa. Sun kuma yi jinkiri a harkar batir suna taƙama da injin dizal. Amma gwamnatin Jamus ma da nata laifin, Disamba 2023 ta soke tallafin sayen motar lantarki kwatsam, ciniki ya faɗi, Audi ta rufe masana'antarta ta Brussels a Fabrairu 2025

Mai Gareji: Yauwa, taƙama, ai ka faɗa da bakinka

Na Hamburg: Taƙamar manajoji na ce oga, ba ta wanda ya tara kuɗinsa ya sayi mota ba

Hajiya Babba: Kai Mai Gareji tsaya tukun, ba kai ne kake hawa Marsandi C-Class ɗin nan baƙa ba?

Mai Gareji: Ta kwastoma ce Hajiya, wata uku ke nan muna jiran sensa ɗaya daga Legas