Lambar da ke jikin kulas ɗin 504 ba ta dace da komai ba, ya zan gane injin?

Ɗan Adar:
Assalamu alaikum, manyan garaji. Akwai Peugeot 504 buɗaɗɗiya a nan Tawa, mai shan isansi. An taɓa canza mata inji, don haka abin da ke kart giriz bai da amfani. Ana neman jowan kulas (shimfiɗar da ke tsakanin kulas, wato murfin saman inji, da gangar jikin injin) da piston da shamiz (bututun da piston ke hawa da sauka a ciki). Na aika lambar da ke jikin kulas zuwa Yamai, masu piyas sun ce ba su san ta ba. Wace lamba ce ya kamata in aika?

Tsohon Katako:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Masu piyas ba su yi maka ƙarya ba. Lambar da ka gani ta taso sama a jikin kulas, wadda ake ji da yatsa, lambar zubi ce. Tun wurin narka ƙarfe aka fito da ita, kafin a huda a goge, kuma zubi guda yana iya zama kulas iri biyu. Lambar sayarwa tana kan kwali da kataloji, siffarta huɗu, ɗigo, biyu. Huɗun farko ke faɗin irin kayan: 0209 jowan kulas, 1109 filtan mai, 1201 famfon ruwa. Biyun ƙarshe ke faɗin na wane inji.

Lambar inji kuwa bugawa aka yi da ƙarfe, ta nutse ciki, a wani wuri mai sumul a jikin bulok, wato gangar jikin injin. Wanke da gazuwal da buroshin waya, ka shafa alli ka goge, za ta fito. Kada ka sa mata injin gurza.

Amma motar da ta shekara talatin tana bin hanyar Ƙonni, ni ma'auni na fi yarda da shi. Cire kulas ka auna faɗin bakin shamiz. In ka samu milimita 88, XN1 ne, mai 1971 cc. In 84 ne, saura aiki, don inji biyu ke da wannan faɗi: XC na 404 mai 1618 cc, wanda aka sa wa 504 buɗaɗɗiya ma, da XM7 mai 1796 cc. Tafiyar piston ke raba su. Auna zurfinsa yana can ƙasa, ka auna yana sama, ka ɗebe: 73 XC ne, 81 XM7.

Mai Sifana:
Maigida ya faɗi gaskiya, sai dai ya tsallake wurin da yara ke ɓarna. Shamiz ɗin waɗannan injuna a cikin ruwa yake zaune, kulas ne kawai ke danne shi. Ka juya bilbirekan (sandar da piston ke juyawa) ba kulas, piston zai ɗaga shi, tsatsa ta faɗa ƙarƙashi, jowan da ke ƙasan shamiz ya lalace. Ka haɗa komai da sabon kaya, bayan kwana biyu mai ya koma kamar kunu, ka ce jowan jabu ne. Kafin ka juya, ka danne shamiz da kusoshin kulas, da guntun bututu da zoben ƙarfe mai faɗi tsakanin kowane biyu.

Sannan kada wani ya ce maka 84 da 88 duk ɗaya ne tunda ramukan kusoshi sun hau. Jowan 84 a kan 88, zoben ƙarfensa yana leƙowa cikin wuta, ya ƙone.

Ka duba kan piston bayan ka kankare baƙin. Akwai kibiya da AV (wato gaba), wannan ɓangaren ke kallon gaban mota. Akwai harafi, A zuwa D, shi kuma shamiz yana da zane ɗaya zuwa huɗu a baki. A da zane ɗaya suke tafiya, haka har D da huɗu. Shi ya sa ake sayen su a haɗe, ba a tsinto piston nan shamiz can. In XC ne ya fito, ka ƙirga kusine, wato mazaunan da bilbirekan ke juyawa a kansu: na farko-farko uku gare su, daga 1964 suka koma biyar.

Ɗan Adar:
Allah ya saka. An auna, 88 ne. Karbirato kuma an rubuta Solex 34 a jiki. Shi ke nan ya dace?

Tsohon Katako:
To XN1 gare ka, ka nemi jowa da shamiz nasa. Wannan 34 faɗin maƙogwaron karbirato ne a milimita, bai nuna irin inji. Karbirato da delko (mai raba wuta ga buji) da demarer su ne aka fi sauyawa, kada ka taɓa gane inji da su. Solex 34 mai baki ɗaya an fi ganin shi a kan XM7, XN1 yawanci na zuwa da mai baki biyu, irin 32/35. Watakila na tsohon injin ne aka maido. Zai tashi, amma in tana shaƙewa a hawa da kaya, kwance jiglar (ɗan kusan karbirato mai huda da isansi ke bi) ka karanta lambar da ke kanta kafin ka zargi wuta.

Mai Sifana:
Delko kuma ka kwafo abin da ke kan ɗan farantinsa duka. In Bosch ne lamba goma ce, tana farawa da 0 231. In Ducellier ne bis (ƙarafan da ke yanke wuta a ciki) da kondansatansa daban. Lokacin mayar da wayoyin buji, jerin 1-3-4-2 ne, kuma silinda ta ɗaya ita ce ta wajen bolan (babban faifan ƙarfe na bayan inji), ba ta wajen radiyata ba. A tura wa na Yamai hoton farantin da tsohon jowan a kwance kusa da ma'auni.