Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki, Yaya ɗan mishan bai sani ba, ga Kirsimeti ya ƙarato

Autar Gida:

Salama gare ku 'yan'uwa. Shawara nake nema. Babanmu mai shekara 74 ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama a watan Satumba. Yanzu yana gida a ƙauyenmu ta wajen Pankshin, tafiyar kusan awa biyu zuwa Jos. Yana zama, yana ɗan takawa da sanda idan an riƙe shi, amma magana ba ta fita sosai. Yana shan maganin hawan jini. Babban yayanmu yana aikin mishan a Ingila, shekara huɗu bai zo gida ba, Mama kuma ta hana a gaya masa don kada hankalinsa ya tashi. Zai sauka Abuja ranar 18 ga Disamba da matarsa da yara biyu, mai shekara 6 da mai shekara 2, ƙaramar a can aka haife ta. Mu kusan 40 ne za mu taru. Yanzu farkon Nuwamba ne. A gaya masa ko a bari sai ya zo? Yaya za a yi da Baba cikin wannan taro? Me yaran suke bukata kafin su taso?

Dattijon Ikilisiya:

Sannunku da jinya, 'yata. Allah ya ba Baba sauƙi.

A gaya masa cikin wannan mako. Zancen duniya ba ya ɓuya, balle a dangi mai rukunin WhatsApp. Wani zai kira shi ya ce "yaya jikin Baba?" yana zaton ya sani, daga ranar kuma ba zai sāke yarda da "kowa lafiya" daga bakinku ba. Ko an yi nasarar ɓoyewa, zai shigo tsakar gida da fara'a da jakar tsaraba, ya tarar da mahaifinsa bai iya kiran sunansa ba, a gaban mutum 40 da 'ya'yansa. Wannan nauyi ya fi na waya nesa ba kusa ba.

Ku fara da Baba kansa, domin ciwon nasa ne. A tambaye shi a hankali: "Baba, mu gaya wa Yaya?" Zai iya gyaɗa kai ko matse hannu. Sannan Mama. Kada 'ya'ya su taru mata a kai. Ƙauna ce ta sa ta ɓoye. A samu wanda take jin nauyinsa, faston gida ko Kawu, ya zauna da ita ya ce mata ɗanta mai kai wa wasu labari mai nauyi ne kullum, ba za a hana shi yi wa mahaifinsa addu'a ba.

Mutum ɗaya ne zai kira, da murya, ba saƙon rubutu ba. A zaɓi lokacin da yake gida da matarsa, kada ya zama daren Asabar ko safiyar Lahadi yana shirin wa'azi. A wannan watan agogon Ingila yana bayan namu da awa ɗaya. Kalmar farko ita ce "Baba yana da rai, yana gida", domin wanda yake nesa da ya ji an ce "ka yi haƙuri" mutuwa ce take fara faɗo masa. Sai a faɗi ranar da abin ya faru, abin da likita ya ce, abin da Baba yake iya yi da wanda ba ya iyawa. A roƙi gafararsa kan jinkirin, ba tare da an ɗora wa Mama laifi ba. Kiran bidiyo da Baba a bar shi sai washegari, bayan an shaida masa cewa fuskar ta ɗan karkace.

Shi kuma ya sanar da hukumar da ta aike shi, ko za su ƙara masa kwanakin hutu. Ku kuma ku kāre shi daga gayyata. Ɗan mishan in ya zo gida, kowace majami'a tana so ya yi wa'azi ya ba da rahoton aiki. Ku daidaita da fasto a kan Lahadi ɗaya, sauran kwanakin na mahaifinsa ne.

Nas Mai Ritaya:

Na goyi bayan Dattijo. Ni a kan Baba zan tsaya, domin taron biki yana da haɗari ga mai irin wannan ciwo, kuma yawancin haɗarin daga masu ƙaunarsa yake fitowa.

Mutum biyu kawai za a ɗora wa kula da maganinsa, a rubuta a takarda a manna a bango: sunan magani, lokaci, da wurin sa alama in an ba shi. In hannu ya yi yawa, ko a ba shi sau biyu ko kowa ya ɗauka wani ya bayar. Ku sayi maganin da zai kai tsakiyar Janairu tun yanzu. A auna jininsa safe da yamma bayan ya zauna minti 5, a hannun da yake da lafiya, a rubuta. Likitansa ya gaya muku adadin da yake so a tsaya a kai. In ya kai 180 bisa 120, a sāke aunawa bayan 'yan mintoci. In bai sauka ba a kira likita, in kuma da ciwon kai mai tsanani, amai ko ruɗewa, a ɗauke shi nan take. Sanyin hunturu yana ɗaga jini, Pankshin kuma ba ta wasa da sanyi, don haka hula da safa da ruwan wanka mai ɗumi. Kada a ba shi ibuprofen ko diclofenac don ciwon jiki, suna ɗaga jini kuma suna iya sa zubar jini a ciki ga mai shan aspirin. Paracetamol ya isa.

Cin abinci ne inda aka fi yin kuskure. Shanyewar jiki tana raunana haɗiya, abinci ya bi hanyar numfashi ya zama ciwon huhu. Ya zauna a miƙe, ba a kishingiɗe ba, ƙaramin cokali, loma ɗaya sai ta wuce kafin ta biyu, kada a yi masa hira yana tauna, ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. A duba kuncin dama, abinci yana maƙalewa a can bai sani ba. In yana tari ko muryarsa ta zama kamar da ruwa a maƙogwaro bayan ya sha abu, a dakata a sanar da likita. Soyayyen nama, cincin da gyaɗa ba nasa ba ne; gwaten acha mai laushi, kunu mai kauri, dafaffen kifi da aka cire wa ƙaya sun fi. A ɗebe masa miyarsa kafin a sa gishiri da dunƙulen ɗanɗano, a ƙara masa daddawa da albasa. Gishirin yini gaba ɗaya kada ya kai giram 5, wato ƙaramin cokali ɗaya.

Kada kowa ya ja shi ta hannun da ya shanye don ya tashe shi. Kafaɗar ba ta da ƙarfin riƙe kanta, tana gocewa, ciwon kuma ya daɗe. A tallafe shi ta ƙugu, mai tallafar yana tsaye ta ɓangaren da ya raunana. In yana zaune a sa matashi a ƙarƙashin hannun.

Masu gaisuwa su shiga biyu-biyu ko uku-uku, minti 10, mai mura ya gaishe shi daga bakin ƙofa. Ku gaya wa dangi cewa rashin magana ba rashin hankali ba ne, ba kuma kurumta ba. Kada a ɗaga masa murya, kada a yi zancensa a gabansa kamar ba ya nan. Gajeren tambaya mai amsar i ko a'a, a jira shi. In ya fashe da kuka ba dalili, ciwon ne yake kawo haka.

Kowa ya san alamun dawowar ciwon: baki ya ƙara karkacewa, hannu ko ƙafa ya saki farat ɗaya, magana ta ƙara rikicewa, gani ya dushe. A duba agogo a riƙe lokacin, kada a ba shi ruwa ko magani ta baki, a nufi babban asibiti mai na'urar hoton ƙwaƙwalwa, irin asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Maganin narkar da gudan jini cikin awa 4 da rabi ake bayarwa, hanya ta riga ta cinye muku biyu. Mota ɗaya ta kwana da mai a tanki, a san wanda makulli yake hannunsa.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Ga wani dalilin da ya sa dole a yi magana da Yaya yanzu: shirin lafiyarsu yana son mako 4 zuwa 6.

Zazzaɓin cizon sauro ne babban abin tsoro. Ɗan ƙarfin da jikinmu yake da shi a kansa yana raguwa in mutum ya daɗe inda babu cutar. Bayan shekara huɗu Yaya da matarsa sun zama kamar baƙi, ƙaramar kuwa ba ta taɓa haɗuwa da shi ba. Kada a ce ai hunturu ne babu sauro. Yana raguwa ne kawai, kuma za su kwana Abuja. Su je asibitin matafiya a can a rubuta musu maganin kariya. Wanda aka fi ba iyali shi ne atovaquone da proguanil: ana farawa kwana 1 ko 2 kafin tafiya, kullum tare da abinci, a ci gaba kwana 7 bayan an koma. Na yara da nauyi ake bayarwa: kilo 11 zuwa 20 ƙwayar yara ɗaya, kilo 21 zuwa 30 biyu, saboda haka a auna su. Doxycycline ba a ba ƙananan yara da mai ciki. Mefloquine sau ɗaya ne a mako, ana farawa mako 2 zuwa 3 kafin tafiya, ba a ba mai farfaɗiya ko ciwon damuwa. In matarsa tana da ciki ta faɗa wa likita tun farko, domin zaɓin yana canzawa.

Rigakafin cutar shawara: takardar shaidar allurar tana fara aiki kwana 10 bayan allura, kuma tun 2016 allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Ana yi wa yaro daga wata 9. Su tambayi na taifot da na ciwon hanta nau'in A, da na sanƙarau, tunda lokacinsa daga Disamba yake farawa, ga cunkoso a ɗaki.

Ku a gida ku tanadi gidan sauro mai magani ga kowane gado, da kayan gwajin zazzaɓi na yatsa. Yaro ya yi zafin jiki, a gwada a ranar, ko yana shan maganin kariya. Bayan sun koma ma, duk zazzaɓin da ya taso cikin shekara ɗaya su gaya wa likita sun je Najeriya.

Uwar Zumunta:

'Yata, ruwa za ki fara lissafawa kafin shinkafa. A ƙalla lita 20 ga kowane mutum a yini, mutum 40 lita 800 ke nan, jarka 32 mai lita 25. Ruwan sha na Baba da baƙin yaran a tafasa shi sosai na minti ɗaya, a ajiye a mazubi mai murfi, da shi za su goge baki. Banda ƙanƙara, banda zoɓo da kunun zaƙin da ba a san ruwansu ba. In gudawa ta kama yaro, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Shinkafa giram 100 ɗanya ga babba a ci ɗaya, wato kilo 4 zuwa 5 ga taronku. Ku dafa na ci ɗaya-ɗaya. Shinkafar da aka sauke da safe aka bari a cikin kula har dare ita ce take kwantar da gida guda. Abin da ya wuce awa 2 a waje ba ya zuwa bakin yara ko Baba. A rufe hatsi da sauran abinci ruf saboda ɓera, lokacin zazzaɓin Lassa ne, ƙonan daji kuma yana koro su cikin gida.

Abu biyu suna kashe mutane a barci a wannan lokaci: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki, da janareta a baranda. Hayaƙin da yake kisa ba shi da wari. Janareta ya yi nesa da taga da ƙofa kamar mita 6, kasko kuma a fitar kafin a kwanta.

Maganar kuɗi a gama ta kafin ya iso. Jin an ce Ingila sai kowa ya miƙo hannu, alhali ɗan mishan da gudummawar masu bi yake rayuwa, ga tikitin mutum huɗu. A raba kuɗin biki gida-gida, a ware na maganin Baba da na gashin ƙashi dabam, kada a taɓa shi don akuya.

Ɗan Hanya:

Ƙari kaɗan. Yarinyar da aka haifa a Ingila, in iyayenta da biza suke zaune, sai an nema mata tata iznin zama kafin ta fita, in ba haka ba komawa zai yi wuya. Yaya ya duba wannan da fasfonta yau. Daga Abuja kada su kama hanyar Jos da yamma. Su kwana, su tashi da safe. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura ita ce 122. Kada a sa ranar saukarsu ko hotunansu a Facebook sai bayan sun koma.

Autar Gida:

Na gode ƙwarai, Allah ya sāka. Kawu zai zauna da Mama gobe. Saura ɗaya: Baba yana nuna yana so ya je sujadar Kirsimeti, Goggo kuma ta kawo wani jiƙo ta ce a riƙa ba shi.

Nas Mai Ritaya:

In likitansa ya yarda, a kai shi. Ya sha maganinsa ya karya kumallo tukuna, a je da kujera mai hannu da matashi, a zaunar da shi kusa da ƙofa nesa da lasifika da ganguna, mutum ɗaya a damansa. Awa ɗaya ta isa, a fito da shi kafin a tashi, domin cincirindon gaisuwa a bakin majami'a ya fi sujadar gajiyarwa. In ranar ta zo jikin bai ba da dama ba, fasto da mawaƙa kaɗan su zo gida da yamma. Sau da yawa mai wannan ciwo yakan iya rera waƙar da ya haddace ko da magana ta gagara, don haka a zaɓi wadda ya saba da ita.

Jiƙon kuwa a karɓa a yi wa Goggo godiya, amma kada a ba shi. Ba a san abin da yake ciki ba, wasu da kanwa ake haɗa su, wasu suna taɓa ƙoda ko su yi karo da maganin jini, ga shi ruwa ne tsararo mai saurin sarƙe shi. A ba Goggo aikin da zai amfane shi: a nuna mata yadda ake miƙe masa yatsu da gwiwar hannu a hankali, sau 10 kowace gaɓa, safe da yamma, ta tsaya da zarar ya nuna zafi.