Wa ya taɓa canza nozul ɗin motar gas da kansa a gida?

Mai Hilux, Rikkos:
Assalamu alaikum jama'a. Hilux ɗina mai injin 2KD ta fara gajiyar da ni. Da asuba sai an daɗe ana murza makulli kafin ta kama, a sulo tana karkarwa, in na taka ta kuma baƙin hayaƙi ya turnuƙe bayana. Makanikena ya ce nozul ne, wato abin da ke fesa gas cikin inji, kuɗin aikin da ya yanka min kuwa ya sa nake tunanin in sayo in ɗaura da hannuna ranar Asabar. Ni nake yi mata juyen baƙin mai da canjin filta. Wanda ya taɓa yi don Allah ya faɗa mana yadda ta kaya.

Tsohon direba, tashar Bauchi Road:
Wa alaikumus salam. Ɗana, lokacin da nake jan Hiace mai injin 5L, a ƙofar gida nake kwance nozul, yara na riƙe min sifana. Ka sassauta bututun ƙarfe, ka warware nozul ɗin, ka kai wa masu gyaran famfon injekta su ɗora shi a abin gwajinsu na hannu. In yana feshi kamar hazo lafiyarsa ƙalau, in yana ɗiga a canza bakinsa. Ka dawo ka mayar da sabon washa, ka danna famfon da ke kan filta har iska ta fita, shi ke nan. Ban ga abin tsoro ba.

Makanike, Farin Gada:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma motarka da tasa ba ɗaya ba ne. Taka famfo ne yake auna mai, tasa kwamfuta ce take buɗe kowane nozul da lantarki.

Alhaji mai Hilux, kafin ka kashe ko kwabo, wa ya gwada ya tabbatar maka? A Jos muke, daga Disamba zuwa Janairu motocin gas da ake kawo min da kukan "ba ta tashi da safe" da yawansu hita, wadda ke ɗumama cikin silinda kafin inji ya tashi, ce ta ƙone ko batir ya yi sanyi. Baƙin hayaƙi ma filtar iska da ƙurar hunturu ta toshe tana kawo shi. A sa mata na'ura a duba yawan gyaran da kwamfuta take yi wa kowace silinda a sulo. Wadda lambarta ta yi nisa da 'yan'uwanta, nan matsalar take. Sau da yawa ɗaya ne ya gaji, ba duka huɗun ba.

Malamin fasaha, Bukuru:
Irin injinka gare ni, kuma na yi wannan aiki a gida. Yana yiwuwa, amma ba aikin gaggawa ba ne.

Nozul ɗin 2KD a ƙarƙashin murfin bawul suke, don haka sai ka kwashe kayan da ke sama ka buɗe kan injin. Ni tun jajibiri na wanke injin, na tura motar cikin rumfa, na yayyafa ruwa a ƙasa don kada ƙura ta tashi. Mutane suna raina wannan, alhali ramukan bakin nozul ido da kyar yake ganinsu, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta kashe sabo fil. Duk bututun da na cire, nan take nake ɗaure bakinsa da leda mai tsabta. Tsumma mai zubar da zare ban bari ya matso kusa ba. Kan batir kuwa shi na fara cirewa.

Inda aikin yake shi ne washan jan ƙarfe da ke ƙasan kowane nozul. Wani lokaci nozul ya fito, washan ya maƙale a gindin rami. Ka haska tocila ka tabbatar ya fito, ka goge mazauninsa har ya yi ƙyalli, sannan ka sa sabo. Tsohon washa ba ya komawa, ko da ya yi maka kyau a ido. In bai zauna daidai ba, hayaƙin konewa zai riƙa tsallakowa cikin baƙin mai, ya zama gawayi, ya je ya toshe ragar da famfon baƙin mai yake zuƙa ta cikinta. Daga nan maganar ta tashi daga nozul ta koma ta sabon inji. Ɗaurin kuma da sifana mai auna ƙarfi ake yi, gwargwadon abin da littafin motar ya faɗa. Littafin ya ce a canza bututun ƙarfen ma, kuma na canza, duk da aljihuna bai so ba.

Sai lambar. A saman kowane nozul akwai haruffa da lambobi guda 30. Kafin in ɗaura na ɗauki hoton kowanne, na rubuta silindar da zai shiga. Da na gama sai na kira mai na'ura har gida ya shigar da su cikin kwamfutar motar. Wannan ɓangaren kam ba na sifana ba ne.

Mai Hilux, Rikkos:
Malam, in ba a shigar da lambar ba motar ba za ta tashi ba ke nan?

Malamin fasaha, Bukuru:
Za ta tashi, Alhaji. Sai dai kwamfutar za ta ci gaba da ba sabon nozul awon tsohon, ka ji inji yana ƙwanƙwasa, sulo bai daidaita ba, ka zaci jabu aka sayar maka.

Mai Sprinter, Dadin Kowa:
Ni tawa ba ta zo da sauƙi ba. Na sayi motar hannu, da na ɗaga murfi sai na tarar baƙin abu kamar kwalta ya daskare a kewayen nozul biyu, washa ya daɗe yana yoyo. Ɗaya ya fito bayan na bar inji ya yi zafi na jiƙa shi da man sassauta tsatsa. Ɗayan ko gezau. Wani maƙwabcina ya ce mu sa ƙarfe mu banƙare, na ƙi, don kan injin alminiyam ne. Ƙarshe janta aka yi zuwa gareji aka fizgo shi da abin cirewa na musamman. A irin motata ƙusar da ke danne nozul sau ɗaya ake ɗaura ta, sai sabuwa.

Ma'aikaciyar jinya, Tudun Wada:
Ni ba makanikiya ba ce, amma ku ji wannan. Kada wanda ya laluba yoyon gas da yatsa inji yana aiki. Matsin man a irin waɗannan motoci yakan kai bar 1,600, tayar mota kuwa ba ta cika wuce 3 ba. Yana huda fata, ramin ɗan mitsitsi, amma naman ciki yana mutuwa. Wanda abin ya sama ya tafi asibiti a take, kada ya jira kumburi.

Hajiya mai gidan burodi, Anguwan Rogo:
Motar raba burodinmu an canza mata duka huɗu, ba a jima ba ta koma gidan jiya. Da aka zazzage tanki sai ga ruwa da laka, gas ɗin kuma yana warin kananzir. Direba a bakin hanya yake saye don araha. Sannan biyu cikin nozul ɗin da aka sayar mana a matsayin sababbi, tsofaffi ne aka wanke aka sa a kwali. Yanzu ni nake zuwa da kaina, kuma sai an gwada a gabana nake biya.

Makanike, Farin Gada:
Hajiya ta taɓo inda yake. Alhaji, in ka tsaya a kan za ka yi, ka canza filtar gas rana ɗaya da nozul, ka zubar da ruwan da ke gindinta. Abu na ƙarshe da Malam bai ambata ba: a 2KD bututun da ke mayar da ragowar gas yana cikin murfin bawul, shi ma da nasa ƙananan washa. In ya yi yoyo ba za ka ga ɗigo a ƙasa ba, cikin baƙin mai zai riƙa zuba. Makon farko kullum da safe ka zaro sandar awon mai ka duba, ka kuma shinshina. In mai yana ƙaruwa ko yana warin gas, kashe ta ka kira ni, zan zo da na'urar.