Neman kalmar Hausa: me za mu kira "capitation"?

Mai fassara, Jos: Assalamu alaikum. Muna shirya takardar wayar da kai kan inshorar lafiya ta PLASCHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Filato, domin kwamitocin raya mazaɓu, sai kalmar capitation ta gagare mu. Ma'aikatan lafiya na cewa "kafiteshan", dattawan kwamiti kuwa ba sa ganewa. Na rubuta "kuɗin kai". Ya kuka gani?

Akantan asibiti: Wa alaikumus salam, Malam. A fara da yadda abin yake aiki. Hukumar inshora na duba rajista ta ga mutum nawa suka zaɓi asibitin, ta biya ƙayyadadden kuɗi a kan kowannensu duk wata, tun kafin kowa ya yi ciwo. A ce mutum 500 ne, kowa N750: N375,000 ke nan, ko 60 suka zo a watan ko 200. Daga ciki za a sayi maganin zazzaɓi, a yi awon ciki da ƙananan gwaje-gwaje. "Kuɗin kai" zai tuna wa tsofaffi haraji, su ɗauka su ne za su biya, alhali an biya musu.

Malamin Hausa: To "jinga" fa? An yanke farashi tun farko, riba ko faɗuwa na mai aiki ne.

Akantan asibiti: Ta yi kusa, ranka ya daɗe, amma jinga sai da aiki a ƙasa. A bar ta wa ɗaya tsarin, inda babban asibiti ke yin tiyata ya tura takardar neman biya.

Sista mai kula da asibitin unguwa: Ni "kuɗin riƙo" nake so. Wanda aka ba riƙon yaro da kuɗin ɗawainiyarsa, ba sai yaron ya kwanta ciwo yake zama nasa ba. Haka asibiti: in ya yi rigakafi, ya raba gidan sauro, ya bi masu ciki, marasa lafiya su ragu, kuɗin ya isa. Kalmar kuma tana ba talaka bakin magana. Dokar lafiya ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya ga asusun lafiya a matakin farko, kuma ta nan ake biya wa masu ciki, yara 'yan ƙasa da shekara 5, tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Matar da ta san tana cikin riƙon asibitin nan ba za ta karɓi 'yar takarda ta nufi kemis shiru ba, za ta tambaya.

Inda abin ke lalacewa ma kalmar na nuna shi. Kuɗi ya makara wata biyu, kantar magani ta bushe. Ko rajista ta yi kaɗan: mutum 40 a N750, N30,000 ne kacal, masu hawan jini kaɗan sun cinye. Sai ka ga ana gaggawar tura mutum babban asibiti don a rage kashewa.

Malamin Hausa: Na janye tawa, Hajiya. Sai dai "riƙo" na nufin wucin gadi ma, kamar shugaban riƙo. A ambato na farko a rubuta "kuɗin riƙon masu rajista na wata-wata", daga nan a gajarta.

Mai fassara, Jos: Na gode. Na sa kuɗin riƙo a shafi na 2, jinga a na 3.